Mai Ɗinkin Kayan Wasa

Suka ce in ɗinka wa Wessel kakin ɗan sanda.
Na ce ku kawo yaron in auna kafaɗarsa.
Ya tsaya gabana yana ƙifta ido kamar maraƙi,
shi da aka haifa shekara tara bayan mun fara jefa ƙuri'a.
Na zagaye ƙirjinsa da magwaji, hannuna na rawa.
Ya ce, "Makhulu, sanyi kike ji?"
Na ce e.
Ƙarya nake, ranar har kwanon rufi gumi yake.

Lungelwa ce ta rubuta wasan, ta yi karatu,
ta san lambar kowace doka da shekarar da aka sa hannu.
Abin da ba ta sani ba shi ne wari:
South End da asuba, kifi da kwalta da burodin Basine,
kiran salla na hawa tudu, ƙararrawar coci na sauka,
su gaisa a bakin ƙofarmu, kowa ya wuce.

Sai takarda ta zo.
Takarda ba ta da ƙafa, amma ta riga mu shiga ɗaki.
Aka tsince mu kamar wake a faifai:
Indiyawa Malabar, su Rugaya Gelvandale,
mu kuma bayan gari, inda iska ke cin yashi.
Uwata ta riƙe keken ɗinkin nan a bayan akori-kura
kamar wanda za a yi wa kaciya.
Da na koma, masallatai biyu na tarar da itacen ɓaure,
sauran duk ciyawa.

Jiya wajen gwaji Vuyisile ya fito a matsayin uba,
ya zaro littafin izini daga aljihun baya, yana taƙama.
Na tofar da allurar da ke bakina.
Kai! Wa ya ce maka nan ake ajiye shi?
Aljihun ƙirji, ɗana, bisa zuciya,
ka taɓa shi kafin ka taɓa ƙofa,
ka miƙa da hannu biyu, idonka kan takalmin mutum.
Ubana ya yi shekara ashirin da shida yana sauke kaya a tashar jirgin ruwa,
furfura har gira,
ɗan da bai fara aski ba ya kira shi yaro,
ya amsa.
Ya dawo gida bai ci abinci ba, ya gyara ƙafar kujera
wadda ba abin da ya same ta.

Akwai wurin da suke soka fensir a gashin yarinya.
Yaran suka yi dariya, wai abin ya yi yawa,
'yan kallo ba za su yarda ba.
Ban ce komai ba. Na san 'yan'uwa biyu, ciki ɗaya,
na ɗaya ya zame ya faɗi ƙasa,
na ɗayar ya tsaya.
Ba su ƙara hawa tarago ɗaya ba.

Daren farko ban shiga cikin jama'a ba.
Ina bayan labule da zare a cinya,
ina jin Wessel yana buga ƙofar katako
wadda ni na ga an shafa mata fenti shekaranjiya.
Na san ta bogi ce.
Duk da haka ƙafata ta miƙe tana neman takalmi.

Ya fito jiƙe sharkaf, yana kokawa da maɓalli.
"Makhulu, rigar nan ta matse ni, numfashi da ƙyar."
Na ce na sani, ni na rage mata yatsa biyu,
kada ka saba da ita.
Ya cire, na rataye a ƙusa,
na zuba masa shayi a kofin da nake sha.